Karan 'Yar Fari

Ni dai ban nemi aikin nan ba. Ina zaman zamana a makarantarmu ta Ƙanƙara ina fama da 'yan aji uku, sai hedimasta ya kira ni ofis, ya ce an zo daga jami'a ana bincike kan yadda yara ke koyon karatu, kuma sunana ya bayar. Na tambaye shi dalili. Wai don na fi kowa baki a makarantar. Na yi godiya na fito, har yau ban tantance ko yabo ba ne.

Wata Dakta ce ke jagorantar binciken, mace mai sanyin magana, kuma abin da ta faɗa mana a wurin bita ya sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ta ce malami ya tambaya "Kun gane?" aji ya ɗauka gaba ɗaya "Mun gane!" wannan ba shaidar komai ba ce. Yaro zai iya shekara yana motsa baki a cikin amshin 'yan'uwansa ba a gano bai san baƙi ko ɗaya ba. Sai an tsayar da shi shi kaɗai, ya gwada, ya yi kuskure, malami ya ji kuskuren da kunnensa ya gyara, sannan karatu ke shiga. Dabarar da ta kawo kuwa ko sisi ba ta ci. A sami gwangwanin madara, a yanyanka karan dawa, a fere gefe a rubuta sunan kowane yaro. Malami ya girgiza, ya zaro ɗaya ba tare da ya leƙa ba, wanda sunansa ya fito shi zai karanta. Aikina shi ne in riƙa bin makarantun Faskari da Sabuwa ina zama a bayan aji, in ga ko abin yana tafiya.

Na ga abin haushi iri-iri. Wani malami ya zaɓo dogayen kara, suka koma bulala. Wani ya bar nasa a taga, awaki suka yi kalaci da sunayen rabin aji. Akwai wanda yake zura ido cikin gwangwani yana lalubo sunan ɗan ajin da ya fi ƙoƙari, wai don kada ya kunyata a gabana. Ga hanya, ka hau mashin ka sauka kamar an yi maka dukan sakwara, kuma dole ka juyo gida kafin la'asar ta yi sanyi, don ba mai son yamma ta riske shi a dajin nan yanzu.

Shi ya sa da na shiga wata firamare a gefen 'Yankara na ji kamar in yi guɗa. Malamar aji biyu ce, yarinya ce a kaina, ta gyara karanta tsaf har da ɗaura wa gwangwanin ƙyalle. Tana zarowa, ta kira suna, ta jira yaro ya gama in-inarsa ba tsawa, ta gyara masa. Na ce a raina yau dai na sami abin ba Dakta labari.

Sai a zuwa na gaba na lura da wani abu. Ta zaro kara, ta duba, ta mayar, ta zaro wani. Na ɗauka mai sunan bai zo ba. Da abin ya sake faruwa, na bi ajin da kallo, sai na ga wata 'yar siririya a layin tsakiya ta sunkuyar da kai tun kafin karan ya koma cikin gwangwani.

Da aka fita hutun tara na tare malamar a gindin dalbejiya.

"Malama, wane kara ne kike mayarwa?"

Ta yi dariya ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Haba Yaya, ke ma kin sani. Ɗiyar fari ce. Kuma sunan uwar mijina gare ta."

Na sani mana. Wa zai koya mini? Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, balle ta yabe shi. Ga kuma sunan suruka a kai, kunya biyu ke nan. A makarantar kuma aji biyu ɗaya ne tal, ba inda za a mai da yarinyar.

"To wa ke jin karatunta?"

"Ai ta iya. Kullum ina jin muryarta cikin amshi."

"A gida fa?"

"Wurin kakarta take kwana."

Na sa aka kira mini yarinyar bayan malamar ta shiga ofis. Na rubuta mata kalma a ƙasa da tsinke. Ta dube ta, ta dube ni. Ta haddace duk abin da ke kan allo kamar waƙa, amma ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Zangon ƙarshe ake ciki. Na san abin da ke jiranta a aji uku, tunda ni ma shi nake koyarwa: can ba mai komawa baya ya koya maka haɗa baƙi, sai dai a ajiye ka a bencin ƙarshe a sa maka suna daƙiƙi, sunan kuma ya bi ka har ka gaji ka bar zuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗiyar malamar da ta fi kowa iya koyarwa a duk yankin!

Na faɗa wa uwar, ba ta yarda ba. Ta ce tsorona yarinyar ta ji. Na ce to ta kira ta a aji ta ji da kunnenta.

"So kike a tafi da ni a baki a garin nan? Yaran nan fa komi suka gani sai sun kai gida. Gobe a ce malamar boko ta tsaya gaban aji tana rangaɗa sunan uwar mijinta."

"Ki ce 'ke'. Ki nuna ta da hannu."

"In tsaya ina kallon ƙwayar idonta ina lallashi? Yaya, ke kina faɗin sunan ɗanki na fari?"

"Ba ya ajina," na ce da ita.

Na kai wa hedimastansu ƙara, ya ce shi ba zai shiga tsakanin mace da kunyarta ba. Na buga wa Dakta waya, ta ce ita ma 'yar fari ce, kuma wannan abu ne mai muhimmanci da ya kamata binciken ya duba. Na ce Dakta, kafin ku gama dubawa yarinyar ta shiga aji uku.

Da na koma, na riga malamar shiga aji. Na zazzage gwangwanin a kan tebur ina neman karan yarinyar in ɗora shi a sama, sai na neme shi na rasa. Haushi ya turnuƙe ni, na ce lallai matar nan ta kai, wato jefar da shi ta yi. Na tambayi aji wa ya taɓa gwangwanin Malama. Can sai yarinyar ta buɗe jakar buhun da take zuba littattafai, ta fito da shi.

"Mi ya sa kika ɗauke?"

Da ƙyar na ji muryarta. "Don kada Malama ta riƙa jin kunya in ya fito."

Ashe uwar tana bakin ƙofa, ta ji. Na karɓi karan a wurin yarinyar. Na miƙa wa uwar shi a hannu na koma bayan aji na zauna.

Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta juya wa aji baya, ta fuskanci allo, ta rubuta kalma ɗaya sabuwa wadda ba a taɓa rerawa ba. Ta ɗaga karan sama ba ta waiwayo ba.

"Mai wannan ta tashi."

Yarinyar ta miƙe. Ta kira baƙin farko daidai, ta tsaya. Ta sake kiransa. Ta kama wata kalma daga cikin waƙar jiya ta faɗa, ko kusa ba ita ba ce. Wani ya fara dariya, na harare shi ya haɗiye. Ina kallon hannun malamar, allin da ke ciki ya karye.

Ba ta juyo ba. Ta sa yatsa ta rufe rabin kalmar, ta bar gaɓar farko, kamar yadda take yi wa kowane yaro. Ta furta, yarinyar ta maimaita. Ta buɗe ta biyu. Haka suka lallaɓa, uwa tana kallon allo, 'ya tana kallon bayan uwa, har kalmar ta fita. Sauran yara in sun yi haka takan ce a tafa musu. Wannan karon cewa ta yi, "Zauna," ta jefa karan cikin gwangwani ta girgiza da ƙarfi.

Da aka tashi ta raka ni bakin hanya inda mai mashin ke jirana. Ba ta dube ni ba.

"Yaya, ashe da gaske ba ta iya ba."

"Yau kika sani?"

"Yau na ji."

Na hau mashin ina ta faɗa, ban ma san da wa nake yi ba. Da muka zagayo ta bayan ajin na leƙa ta taga. Yara duk sun watse, har malamar ta koma ta turo ƙofa, ita da 'yarta su biyu ne a benci ɗaya da tazarar mutum guda a tsakaninsu. Ta tura littafi zuwa tsakiya tana kallon bango, na ji tana cewa, "Ke, sake daga farko."