Hoton Ɗan Ya Falmata

Wallahi zaman kaso bai ba ni wuya kamar abin da na tarar a waje ba.

Da can ni ɗan kabu-kabu ne a Diffa. Da aka hana hawan moto, wato babur, saboda hare-haren mutanen daji, sai na koma zaman banza a bakin wata sibar, shagon intanet. Karatuna ba nisa, amma mai sibar ya buɗe mini imel, ya koya mini tura hoto ciki. 'Yan gudun hijira na sansanin Assaga suna tsoron gobara, bukkokinsu duk zana ce da leda. Na riƙa ɗaukar hoton takardunsu ina ajiye musu a imel. Da farko don Allah nake yi.

Sannan na gane da takardun nan ana karɓar katin abinci. Na karɓa da sunan mutum ɗaya, shiru. Sai na koma sunayen waɗanda suka ɓace. Ranar da na ji jandarma suna nemana, na goge imel ɗin gaba ɗaya, wayata kuma na jefa ta kogin Komadugu. Bai hana a kama ni ba. Shekara uku na yi a gidan kaso.

Ina fitowa wata tsohuwa, Ya Falmata, ta same ni. Mutanen daji sun tafi da ɗanta Modu, bukkarta kuma ta ƙone da hotonsa. Ma'aikatan agaji masu haɗa dangin da suka rabu sun ce ta kawo hoto. Takardar Modu mai hotonsa kuwa tana cikin waɗanda na ajiye a imel, na kuma karɓi abinci da sunansa.

"Ɗana, ban zo faɗa ba," in ji ta. "Ka ci abincinsa, na yafe. Fuskarsa kawai za ka ba ni."

Na koma wurin mai sibar ko zai iya dawo mini da imel ɗin. Ya ce, "Haba mutumina, shekara uku? Ko wata guda ne da ƙyar." Layin wayata ma, wanda ta shi ake turo lambar dawo da imel, an sayar wa wani mai noman tattasai a Chétimari. Muka kira shi, bawan Allah ya yarda zai karanta mana duk saƙon da ya shigo. Ba abin da ya shigo. Akwatin imel ɗin babu shi.

Na tuba, amma tuba ba ta dawo da hoto ba. Samari, duk wanda ya ba ku ajiya, ko takarda ɗaya ce, kar ku ci da ita. Kuma kar ku goge don ku tsira.

Washegari da safe na tafi Assaga, na ce mata babu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce tunda na taɓa ganin hoton, in faɗa mata ko Modu yana murmushi a ciki, ita ta fara mantawa. Ni ko kallonsa ban yi ba, sunan kawai na kwafa.