Otomatik a Ɗakin Wanki

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sauke injin wanki a asibitinmu ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da baƙin ma'aikata. Ni mai wanki ce, ƙaramar lebura, ƙasa da ni sai mai shara. Zannuwan gadon marasa lafiya nake wankewa da hannu tun ina da haƙora duka.

Sista babba, mai kula da leburori, ta kira ni. "Dada, wannan otomatik ne. Za a kawo mai takarda ya riƙe shi, don akwai rubutu a jikinsa. Ƙarshen wata ki je ki huta."

Na ce, "Sista, jikokina a unguwar Majidaɗi hutu za su ci?"

Na wuce wajen Malam Yohanna, akawun sito, wanda ya yi makarantar Baibul. "Ɗana, mene ne otomatik ɗin nan da zai ci mini tuwo?"

Ya yi dariya. "Dada, Turawa ma aro suka yi. Maganar Girkawa ce, mutanen da. Oto, wato da kansa. Gaba ɗaya, abin da ke motsi don ra'ayin kansa."

"Da kansa zai hau ɗakin haihuwa ya kwaso zannuwa? Da kansa zai shanya?"

"A'a."

"To sun zuga shi ne kawai. Koya mini rubutun."

"A shekarunki?"

"Kai ka haife ni?"

Kullum lokacin cin abinci yana zana mini baƙaƙen da gawayi a bangon ɗakin wanki. Da yamma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Idona na ruwa, kaina na ciwo, ban fasa ba.

Kafin wata ya mutu na jawo Sista gaban injin. Na dinga nunawa: wannan zafi, wannan sanyi, wannan ɗauraya, wannan matsa.

Ta ɗora yatsa kan babban rubutun. "Wannan fa?"

"O-to-ma-tik. Maƙaryaci."

Ta yi dariya har ta dafa bango, ta miƙo mini makullin ɗakin. Da shi na yi ritaya.

Ku na baya, duk abin da aka kawo ofis, ku tambayi asalin sunansa kafin ku tsorata. Inji ba ya korar ma'aikaci. Mutum ke kora, mutum kuwa ana tsayawa gabansa a yi magana.