Maganin Kaina a Aljihun Malam

Da na buɗe baki na tambaye shi ranar da na ga abin nan a aljihunsa, da yanzu yana raye? Na tambayi likita, na tambayi malamai, na tambayi kaina a kan sallaya. Kowa da irin amsarsa, babu wadda ta zauna mini. Ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini. Idan na tsaya kuka ta jira ni.

A lokacin ni matar aure ce a unguwar Barade a nan Jalingo, 'ya'ya duk sun tashi, daga ni sai Malam a gida. Shi dillalin shanu ne, yana zuwa kasuwanni har garin Mutum Biyu, kuma ya girme ni da shekaru masu yawa. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai. Kafin ya zo sai in ga wani walƙiya-walƙiya a gefen ido, daga nan rabin kaina ya kama bugawa, haske ya zama abokin gaba, ƙamshin miya ya sa ni amai. Malam ne mai jinyata. Shi yake rataya bargo a taga, ya kashe rediyonsa, ya leƙa maƙwabta ya roƙi a dakata da daka. Idan na warware sai ya dinga tsokanata, wai kaina irin ruwan bazara ne, ya jiƙa unguwa ɗaya ya bar ɗaya a bushe. Dada yake kirana, yadda ake kiran uwar gida a wajenmu.

Da ciwon ya matsa, 'yata da ke aure a Mayo Gwoi ta kai ni asibiti. Malam ya raka mu, amma bai shiga ɗakin likita ba. Mutumin da ne, ba ya tsayawa inda ake duba matarsa a gaban 'yarsa, sai ya zauna a gindin bishiya da carbinsa. Likitan ya daɗe a kaina. Ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya tambaya ko na taɓa jin ƙirji ya riƙe ni, ko ɓarin jiki ya taɓa mutuwa, ko ina da hawan jini. Da ya ga babu, ya rubuta mini wata ƙwaya. Ya ce in sha ɗaya da zarar ciwon ya fara, kada in ƙara sai tazarar da ya faɗa ta wuce, kada kuma in mayar da ita abin kullum don yawan shanta ma yana jawo ciwon kai. Ya maimaita cewa nawa ne ni kaɗai, domin yana matse hanyoyin jini, mai ciwon zuciya ko hawan jini zai iya cutuwa da shi. Da muka fito Malam ya tambaya ko an dace, na ce an dace. Iyakar abin da ya ji ke nan daga duk bayanin.

Maganin ya karɓe ni. Ciwon da yake kwantar da ni yini biyu ya koma abin da zan tashi kafin la'asar in ɗora tukunya. Malam ne yake ɓallo mini ƙwayar daga katin ya miƙo mini da ruwa, saboda idona ba ya buɗuwa a irin wannan lokacin. Ya ga aikinta da idonsa. Yakan juya katin a hannu yana cewa ƙaramin abu sai aikin manya.

Can sai na fara ganin gurbi a katin da ban tuna na sha ba. Na ɗora laifin a kan mantuwa irin ta girma. Wata rana ina wanke babbar rigarsa da ya dawo da ita daga kasuwa, sai hannuna ya taɓa wani abu a aljihu. Guntun katin ne, an yanke shi da reza, gurbin babu komai. Na tsaya da shi a hannu cikin kumfa. A zamanmu duka ban taɓa jin Malam ya ce wani wuri yana masa ciwo ba. Shanu sun taka shi, ƙaho ya yage masa hannu, bai ce wash ba. Haka aka rene su, namiji ba ya kai ƙarar jikinsa, abin da muke kira fulako. Ni kuma haka aka rene ni, mace ba ta titsiye mijinta. In na tambaye shi, ko dai na ce masa marar lafiya, ko na ce masa mai ɗaukar abin da ba nasa ba. A gidanmu irin wannan magana ba a yinta kai tsaye, sai dai a faɗa wa wani a inda mai ita zai ji. Na shirya cewa idan 'yata ta zo ranar Juma'a kamar yadda ta saba, zan sa ta maimaita mini bayanin likita da ƙarfi a tsakar gida, lokacin da yake zaune a zaure. Na ga hakan ya yi mini daidai, babu wanda zai ji kunya.

Bai kai Juma'ar ba. Ya dawo daga Mutum Biyu cikin zafin rana, ya ƙi taɓa abinci, ya zauna yana murza ƙeyarsa. Na ce ko in dama fura, ya ce in bari tukuna. Ya shiga ɗakin da nake ajiye maganin ya ɗan jima, ya fito ya yi alwala. Ina tankaɗe na ɗaga kai na gan shi zaune a tabarma, gumi yana zuba masa kamar an watsa masa ruwa, ya dafe ƙirji da hannu. Maƙwabcinmu mai keke napep ya kai mu asibiti, kan Malam yana kan cinyata. A hanya ya yi mini magana sau ɗaya. Kafin magariba ya cika.

Likitan da ya karɓe shi ya ce zuciya ce. Na kwance bakin zanena na nuna masa guntun katin da na ɗaure a ciki. Ya duba, sannan ya ce ba a ba mai hawan jini irin na Malam wannan magani, amma ba zai rantse cewa shi ne sanadi ba, don zuciyar ta daɗe da gajiya. A wajen zaman makoki wani abokin sana'arsa ya aiko mini da magana ta bakin matarsa. Ashe tun bara an auna shi a can Mutum Biyu, an ce jininsa ya hau ƙwarai, an rubuta masa magani, ya ce kada a faɗa a gida don kada hankalin Dada ya tashi ciwonta ya motsa. Nasa maganin bai saya ba. Shi ya riƙe rabin magana, ni na riƙe rabi, muna kwana ɗaki ɗaya.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ina roƙon mai karanta wannan, ko wanda ake karanta wa kamar ni. Maganin da likita ya rubuta miki, jikinki ya auna kafin ya rubuta, bai auna na mijinki ko na maƙwabciyarki ba. Ba goro ba ne da za a ɓara a raba. Ciwon kai ma ba iri ɗaya ba ne, na Malam na hawan jini ne, nawa daban. Abin da likita ya faɗa a ɗakinsa a zo a faɗa wa mutanen gida, musamman wanda yake miƙo maka maganin. Mai hawan jini kuma ya faɗa, ba ragwanta ba ce. Kunya abu ne mai kyau, da ita na yi zaman aure lafiya, amma ba a jira Juma'a da maganar magani. Ni kaina da shekaru suka ja, likita ya auna ni ya raba ni da wannan ƙwayar ya canja mini wata.

Tsohon katin yana nan a ƙasan akwatina, ban jefar ba. Yanzu idan ciwon ya zo, ni nake rataya bargon da kaina. A cikin keken nan, muna tsallake kwalta, ya buɗe ido ya kalle ni. Na sunkuya ina zaton wasiyya zai yi. Sai ya ce, "Dada, ban shanye miki ba. Na bar miki ɗaya, ko kanki zai tashi."