Madubin Baba Ba-Gaggawa

Duk wanda ya taɓa shiga doguwar motar da Baba Ba-Gaggawa ya tuƙa, abu biyu yake tunawa: an isa lafiya, kuma an isa a makare. Daga nan ma sunan ya samo asali. Direbobi 'yan'uwansa su zo su wuce shi a guje suna danna masa oda, shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya ce, "Ku je, ma tarar da ku." Sau da yawa kuwa ya tarar da su ɗin, a gefen hanya, an buɗe inji ana jiran ya huce.

Amma in ka zauna da shi, ba isa lafiya zai fara yi maka alfahari da shi ba. Barcin fasinja zai kawo maka. A wurinsa, direban da fasinjojinsa suka kai gari ido biyu bai iya tuƙi ba, don mutum ba ya rufe ido a hannun wanda bai yarda da shi ba. Yana da tsarinsa da ba ya canzawa ko ana ruwa ko ana iska. Zai goge gilashi, ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya rufe ƙofa da hannunsa, ya zauna, ya gyara madubin da ke saman kansa, ya yi bisimilla, sannan ya tayar. Ba rediyo, ba hira. Ta madubin nan yake kallonsu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya rantse mai yawan surutu shi ne kan fara.

Gwiwa da ido suka sauke shi daga mota. Bai daɗe da zama gida ba matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma. Kowace safiya sai ya wanke 'yar tsohuwar motarsa da ba ta zuwa ko'ina, ya tsallaka titi ya zauna a bencin tsohon abokinsa Mai Faci, su yi ta musu a kan abin da bai shafe su ba har rana ta kore su. In ya koma gida, ƙarar agogon bango kaɗai ke amsa masa sallama.

Sai 'yarsa ta haihu. Ita kaɗai gare shi, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. A ɗakin magani na asibiti take aiki, mijinta kuma fitar safe dawowar magariba. Da hutun haihuwa ya ƙare aka shiga tunanin inda za a riƙa barin yarinya, Baba ya buga ƙirji.

"Ni da na yi rainon mota cike da manya masu baki, jaririya ɗaya ce za ta gagare ni? Kawo ta, Uwata."

Ranar da aka fara kawo ta da jakarta da ɗan gadonta mai shinge, ya raɗa mata Fasinja. Gidan ya farka. Ga ƙananan kaya a kan igiya, ga kwalbar madara a inda kofin shayinsa yake zama, ga dattijo mai furfura yana rarrafe a tsakar ɗaki yana kukan akuya don a yi masa dariya da haƙora biyu. Ya yi farin ciki irin wanda ya ɗauka an binne shi tare da matarsa.

Aibin Fasinja ɗaya ne: ba ta barcin rana. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya jijjiga, ya yi waƙa da muryarsa mai kama da tsohon inji, ita kuwa ta kama gemu ta ja. Ya kwantar da ita ya tsaya a kanta yana "yi barci, yi barci," ta zuba masa ido tana wutsil-wutsil da ƙafa. Kafin la'asar gajiya ta taru ta zama rigima, uwar ta zo ta ɗauki yarinya tana tsala kuka, washegari ta dawo da idanu jawur.

Wata rana da kukan ya ishe shi, ya ɗaure ta a kujerarta ta jarirai a bayan 'yar motarsa, da nufin su sha iska. Ya goge gilashi, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya rufe ƙofa, ya gyara madubi, ya tayar. Kafin su kai kwanar mai sayar da katako ya duba madubi, Fasinja ta langaɓe kai, baki a buɗe.

"Ashe!" in ji Baba. "Ashe jinina ce."

Shi ke nan, ya samu hanya. Kullum da hantsi da kuma bayan azahar sai ka ga mota tana zagaya unguwa kamar ta ɓata. Ta wuce shagon Mai Faci, ta wuce famfo, ta wuce makaranta, ta sake ɓullowa ta shagon Mai Faci.

"Direba!" Mai Faci zai ƙwala masa kira. "Wannan wane gari ne ba a isa?"

Baba ya ɗora yatsa a leɓe, ya wuce abinsa a hankali.

Asiri ya tonu a ƙarshen mako, lokacin da yarinya take gidan iyayenta. Aka kwantar da ita a gado ta ce ba ta san zancen ba. Uban ya ɗauke ta a mota za su sayo magani, nan take ta yi barci. Uwata ba yarinya ba ce, ta haɗa wannan da wancan. Da safe ta iso gidan Baba ba ta ko zauna ba.

"Baba, yawo kake yi da ita a mota?"

"Ba yawo ba ne, Uwata. Tafiya ce."

"Likitan ido me ya ce maka game da tuƙi?"

Ya dubi bango. Ta miƙa hannu, ya ciro makulli daga aljihu ya sa mata. Sannan ta sassauta murya, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce akwai gidan raino kusa da asibitinsu, sun ce za a samu gurbi farkon wata, kuma can suna da lokacin barci tsayayye. Ta ce ba don ya gaza ba ne, amma yarinya tana bukatar ta saba da gadonta, ita ma uwar tana bukatar ta runtsa.

"In ta koyi barci a gadon fa?"

"In ta koya, Baba, ai babu inda ya fi nan."

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya san abin da ke jiransa in an kwashe ɗan gadon nan: shi da agogon bango. Ya duƙufa. Ya girgiza gado yana kwaikwayon ƙarar inji, Fasinja ta ƙyalƙyale da dariya. Ya rufe ido ya yi minsharin ƙarya don ta gani ta koya, ta sa masa yatsa a hanci. Kwanaki suna ta tafiya, yarinya ko gezau.

Wata azahar, bayan an sha artabu ta yi ɗan gyangyaɗin wahala a kafaɗarsa ta farka, ya fita da ita tsakar gida. Ya buɗe motar da ba makulli, ya zauna a mazaunin direba da ita a cinya, don kawai nan ne inda kansa yake aiki. Hannunsa ya kai ga madubi da kansa, kamar yadda ya saba. Ya ga kujerarta a baya, babu kowa. Ya daɗe yana kallo. Duk tsawon shekarunsa a hanya, bai taɓa juyawa ya fuskanci fasinjan da ke shirin barci ba. Ƙeya yake ba su. Suna ganin yana nan, ba ya kallonsu, sai su saki jiki. A ɗaki kuwa tsayawa yake a kanta, fuska da fuska, da gemu da murmushi da komai. To wace yarinya ce za ta bar wannan wasa ta yi barci?

Ya tsallaka titi da ita a kafaɗa. "Ara mini sukudireba."

Mai Faci ya biyo shi, ya tsaya yana kallon Baba yana kwance madubin motar. "Ikon Allah. Ka fara sayar da ita gunduwa-gunduwa ke nan? A ajiye mini tayoyin."

"Kai dai riƙe mini yarinya, ka rage surutu."

Ya ɗaure madubin a ƙarfen taga, ya juya kujerarsa ta ba gado baya, ya yi ta gyarawa har ya zamana in ya ɗaga ido yana ganin gadon duka. Daga ranar ya mayar da tsarinsa na tasha cikin ɗaki. In ta sha madara ta yi wasa, sai ya sa ido. Da ta fara jan kunne, ko murza ido, ko ta zuba wa wuri ɗaya ido ba ta ƙiftawa, ya san mota ta cika, ba a jira sai kuka ya zo. Ya goge mata fuska da tsumma mai ɗumi, ya canza ƙunzugu. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa ƙafafun gadon. Ya ja labule, ya tura ƙofa, ya kwantar da ita rigingine. Sannan ya zauna, ya gyara madubi, ya yi bisimilla, ya fara gunji ƙasa-ƙasa a maƙogwaro.

Kada wani ya ce maka ranar farko aka dace. Ta yi ƙorafi, wuyansa ya yi ta ƙaiƙayin juyawa, ya daure yana cewa, "Ina nan, Hajiya, ina nan." In kukan ya zama na gaske ya tashi ya ɗauke ta, don ko a hanya in fasinja ya ce a tsaya, tsayawa ake yi. Ta huce, ya mayar, ya sake zama. Haka suka yi ta yi, yau a samu gobe a rasa. Sannu a hankali jikinta ya gane. Ya zamana da ta ji ƙwas-ƙwas a ƙafar gado sai hamma ta zo. Aka samu tafiya biyu a rana, gajera da hantsi, doguwa bayan azahar. Har Mai Faci ya daina buga ƙarfe a lokacin, wai kada a ce shi ya ta da fasinja.

Baba bai ce wa Uwata komai ba. Ta dai lura rigimar yamma ta ragu, amma ta ɗauka sa'a ce. Ana gobe wata zai ƙare aka tashe su daga aiki da wuri, ta biyo da maganar gidan raino a bakinta, tana ta juya yadda za ta faɗa ba ta karya masa zuciya ba.

Mai Faci ya tare ta tun daga titi. "'Yata, taka a hankali. Mota ta riga ta tashi."

Ta yi sauri ta leƙa tsakar gida. Ga mota nan a inda take. Ta cire takalmi ta tura ƙofar ɗaki kaɗan. Labule a ja. Fasinja tana kwance a gadonta, hannaye sama, tana sauke numfashi. Ga madubin mota ɗaure a taga. Ga mahaifinta a kujera ya ba gado baya, haɓa a ƙirji, hula ta karkace, yana nasa barcin. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin ya yi barci da rana ba, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ga fuskarsa ta saki haka ba. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta toshe baki ta zauna a bakin ƙofa.

Can ya farka firgigit. Madubi ya fara dubawa, sannan ya gan ta. Kunya ta rufe shi.

"Ba barci nake ba," ya raɗa. "Direba ba ya barci."

"Na sani, Baba."

"Idona kawai na huta."

"Na gani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Gobe da safe zan kawo ta. Da jibi ma. Masu gidan rainon su ba wani gurbin."

Baba ya gyara hula, ya kai hannu ya gyara madubin da ba abin da ya same shi, ya daɗe yana gyarawa. Da ya tabbata muryarsa za ta fita daidai, sai ya ce, "To, ki zo da wuri, Uwata. Motar hantsi ba ta jiran kowa."