Uwar da ba ta taɓa 'yarta a gaban likita

Ku matso, 'yan baya, ku ba ni kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da na jingine tsintsiya na shiga maganar likitoci ba.

Shekarata tara ke nan ina shara a sashen yara na wani asibiti a nan ƙasar Turawa. Dokar aikin ita ce mai shara ta gaya wa nas, nas ta gaya wa likita. Ba a tsallakewa.

Aka kawo wata yarinya, Nana, daga unguwar Soundview, da ƙari a ƙwaƙwalwa. An yi mata aiki, ƙarin ya dawo. Sai aka sa ta a gwajin sabon magani: a ɗebi sojojin jininta, a koya musu gane ƙarin, a mayar mata. Sharaɗinsa, sai da mai lura da zazzaɓi a gida, don yakan taso da ƙarfi. In babu, a cire yaro.

Uwar, Hadiza, 'yar Maraɗi ce. In likita ya shigo sai ta kau da kai. Ba ta taɓa yarinyar, ba ta kiran sunanta. Na ji likita na ce wa nas uwar nan ba ta damu ba, gobe za a ba wani gurbin.

Na tare shi a ƙofa da ɗan Turancina. Na ce, “Dokta, 'yar fari ce. A wurinmu uwa kunyar ɗan fari take a gaban mutane.”

Ya ce, “Wace ce ke?”

Na ce, “Mai shara.”

Na juya wurin Hadiza. “'Yar nan, ajiye kunyar nan a Maraɗi. Faɗa masa abin da kika sani.”

Ta ce, “Inna, da idon mutane?”

“Da idonsu.”

Kanta a sunkuye ta lissafa: ranar da jiki ya yi zafi, sau nawa aka yi amai, hannun da ya fara rawa. Tafintan asibiti na fassarawa, likita na rubutawa har ya juya takarda. Aka bar Nana a gwajin.

A aikin nan, abin da ba a nuna ba, ba a rubuta shi.

Nana ta ƙara shekara biyu, har ta shiga makaranta, sannan Allah ya karɓi abinsa. Hadiza yanzu tana aikin jinyar tsofaffi a unguwar Stapleton. Likitan ya koma wani gari. Ni kuwa aka ba ni takardar gargaɗi don na tsallake nas. Jikata ta karanta mini, na ce ta adana.