Ranar da Na Amsa Kiran Baba

Shekarun baya, lokacin ina zaman kashe wando a zauren gidanmu na Mandawari, ba ni da sana'ar da ta wuce yawo a intanet. Ni da abokina mun ƙware a kan shirme: akuya mai ihu kamar mutum, Bature mai kiɗa da zarto. In mun gaji mu koma tsofaffin waƙoƙin Amurka, su jaz da buluz da kantiri. Son waɗannan kam gado na yi. Marigayi mahaifina tela ne, da su yake taka keke.

Ni ne ɗan fari, Baba kuwa mai alkunya ne irin ta mutanen da. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Daga "kai" sai "yaron nan". Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana da tsakar rana, unguwa tsit, abokina ya turo mini wani shafi. Mai shafin tsofaffin kaset yake saye a kasuwanni, ya ɗora duk abin da ya tarar a ciki. Na toshe kunnuwana da abin sauraro, na kunna ɗaya. Irin ɗaukar da ce, ta kara rikoda a jikin rediyo, don haka har motsin ɗaki ya shiga. Jita tana kuka, wani tsoho yana rerawa. Can ƙasa-ƙasa na ji ƙarar keken ɗinki. Sai aka yi tari. Na san tarin nan.

Jariri ya tsala kuka, keken ya tsaya. Sai muryar mai tarin ta kira sunana, a hankali, daf da kunnena.

"Na'am," na ce, kafin in tuna ni kaɗai ne a zauren.

Ko takalmi ban tsaya nema ba na faɗa cikin gida, na tarar da mahaifiyata tana tsintar shinkafa. Na gaya mata.

"Ka amsa?" ta ce.

"Na amsa, Umma."

"Innalillahi! Ana amsa kiran wanda ba a gani ba?"

Ta kama kaina ta tofa addu'a, sannan ta ce in sa mata. Ta saurara har ƙarshe, tiren shinkafar a cinyarta bai motsa ba.

"Ranar nan barka na tafi, na bar masa kai," ta ce. "Buhun kaset ɗinsa kuwa ni na ba mai gwangwan bayan rasuwarsa." Ta share ido da gefen zani. "Ashe in ba kowa, kiranka yake yi."

Ban mutu ba, ga ni ina ba ku labari. Amma tsoron bai gama sakina ba, daɗin ma haka. Ina kunna waƙar jefi-jefi, kuma kullum sai na yi wa kaina alkawarin yin shiru. Da keken ya tsaya, sai bakina ya riga ni.