Baba Tokuji, mai kiɗan game ɗin yarintarmu, ya rasu a Ma'adi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura takalmi zan fita makaranta, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ammu Sayyid ne, mai gadin gidan da Baba Tokuji yake haya a unguwar Ma'adi, nan Alƙahira. Ya ce, "Kai ne Auwal? Sai haƙuri, Ustaz ya rasu." Haka suke kiran Baba Tokuji a gidan.

Zama na yi a ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya.

Ya ce kwana biyu burodin da ake rataya masa a ƙofa yana nan ba a ɗauka ba. Da suka buɗe suka same shi a kujerarsa. Likita ya ce zuciya ce. Na tambaye shi ina ya samu lambata. Ya ce a jikin firij take, a wata takarda da dattijon ya rubuta da Larabcinsa irin na 'yan koyo: in wani abu ya faru, a kira wannan.

Lamba ɗaya ce a takardar.

Yawancinku ba ku san shi ba. Amma waɗanda muka taso da irin game ɗin nan da ake jonawa a talabijin, mai kaset ɗin da sai an hura masa iska kafin ya tashi, wataƙila kun ji kiɗansa ba ku sani ba.

A gidanmu a Funtuwa akwai kaset ɗaya mai tarin games a ciki. Ɗaya daga ciki na wani mai kai wasiƙu ne da yake hawa duwatsu ƙauye zuwa ƙauye. Rubutun duk na Japan ne, ba mu taɓa gane labarin ba. Kiɗan da ake sawa idan ya shigo gari shi ne ya zauna min a kai. Da na girma na nemo shi a intanet na mayar da shi ringtone.

Shekarata ta farko a Alƙahira ban ji daɗinta ba. Daga ɗaki sai lab, daga lab sai ɗaki. Nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba in ban da mai microbus, ƙaramar bas ɗinsu ta haya.

Wata rana ina layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, tun safe har azahar, wayata ta yi ƙara. Wani ɗan tsoho da ke gabana, mai farar suma da jakar goyo, ya juyo da sauri. Na ɗauka na dame shi ne, na ce ma'alish, wato ya yi haƙuri. Sai ya ce da Turancinsa mai tsinkewa, "Kada ka kashe. Bar shi ya kai ƙarshe."

Na bar shi. Da ya ƙare ya ce, "A ina ka ji wannan?"

Na ce a Najeriya, ina yaro.

Ya cire gilashi ya goge ido. Ya ce, "Ni na rubuta shi. Ban san ya je Afirka ba."

Gaskiya ban yarda ba da farko. Da ya faɗa min sunansa, na ce ai sunan mai kiɗan da na gani a intanet ba Tokuji ba ne. Ya yi dariya, ya ce a zamaninsu kamfani ba ya barin su sa sunansu na gaskiya, don kada wani kamfanin ya saye su. Sunan kyanwarsa ya sa. Shekara da shekaru mutane suna yabon kyanwa.

Tun daga ranar na zama baƙonsa duk Juma'a bayan la'asar. Auwal ya gagare shi faɗa, sai ya koma kirana Awaru-san. Ni kuma na ce masa a wurinmu ba a kiran sunan sa'an uba gatsal, don haka Baba zan ce. Ya ce tamam, ya yarda.

A barandarsa na koyi abin da ban taɓa tunani a kai ba. Ya ce na'urar wancan lokacin murya uku kawai take iya fitarwa lokaci ɗaya, sai wata 'yar shuuu da suke mayarwa ganga. Kuma idan ɗan wasan ya yi tsalle, ƙarar tsallen sai ta ƙwace murya ɗaya daga cikin ukun. Dole ya rubuta kiɗan yadda ko an zare masa ƙafa ɗaya ba zai faɗi ba.

Ba ya son kiɗan faɗa. Ya ce yana yi ne don aiki ne. Abin da yake so shi ne kiɗan gari, da na masauki, da na wurin da ɗan wasa yake ajiye makami ya huta. Yana barin gurbi a tsakiya, shiru na ɗan lokaci, har ogansa ya taɓa zaton na'urar ce ta lalace.

Ya ce min, "Yaro zai ji wannan sau ɗari biyar yana neman hanya. In na cika shi da surutu zai tsane ni."

Da na'urori suka ci gaba, kamfanoni suka koma son kiɗa mai cika kunne irin na fim, da makaɗa hamsin. Ya gwada, ya ce ya iya, amma ba ya jin kansa a ciki. A hankali aka daina kiransa. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Sai ya tattara ya taho Masar koyon ud, wannan kayan kiɗan Larabawa mai tsirkiya, saboda ya ji suna da wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Yana da shekara sittin da wani abu ya koma ɗalibi.

Na kunna masa kalangu a waya, na ce ganga ce mai magana. Ya sa na maimaita har batir ɗina ya mutu.

Abin da ba zan manta ba shi ne rasuwar mahaifina. Fasfo ɗina yana ofishin iƙama, ba halin tafiya gida. Na faɗa masa a waya don kada ya jira ni Juma'ar. Washegari na ji ana buga ƙofa. Dattijon nan ya hau jirgin ƙasa na metro, ya hau microbus, ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu a Madinat Nasr, da tukunyar shinkafa naɗe a tawul.

Ya ce, "Me ake cewa a yarenku?"

Na koya masa. Ya miƙe tsaye, ya rusuna, ya ce, "Ara ya jikansa."

Kwana uku yana zuwa. Zai zauna a gefen katifa har la'asar, ya wanke kwanon da na ci, ya tafi.

Da azumi kuwa ko ruwa ba ya sha a gabana sai an kira magariba. Ban taɓa roƙonsa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati bakwai ke nan. Ya ce in zauna in rufe baki, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Murya uku ce, irin ta da. Sai da ya ɗan yi nisa na gane abin da nake ji: waƙar da mahaifiyata take yi in tana tankaɗe, wadda na taɓa rera masa da wasa tun bara. Ashe ya riƙe.



Ya ce, "Bai ƙare ba. Kiɗan game zagayawa yake yi ya dawo farko, ni ban taɓa koyon rufewa ba. Ka tambayi mamarka yadda take ƙarasawa, ka zo min da shi Juma'a."

Na ce in sha Allah.

Ban tambaye ta ba, kuma ban je ba. Supervisor ya matsa min, project ya tsaya, kullum ina cewa sati mai zuwa. Baba ya turo min hoton wata kyanwa da ta hau barandarsa, na tura masa alamar dariya. Saƙonsa na ƙarshe kwana tara da suka wuce ne: "Awaru-san, akwai shayi." Na gani ina cikin aji, na ce zan amsa in na fito.

Yana nan a wayata ban amsa ba.

Ɗazu na dawo daga Ma'adi. Wata ma'aikaciya daga ofishin jakadancin Japan ta haɗa ni da ƙanwarsa a waya, tana fassara mana. Ita ma tsohuwa ce, ita kaɗai ta rage masa. Tambaya ɗaya ta yi min: yana da mai zuwa wurinsa? Na ce yana da shi. Na ji nauyin bakina da na faɗa, amma ta yi ta godiya tana kuka.

Na san wasu za su tambaye ni addininsa. Ba musulmi ba ne, kuma al'amarinsa yana hannun Wanda ya halicce shi. Ni shaida kawai nake bayarwa kan abin da na gani: a garin da ba ni da kowa, mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗa.

Allah ya ba ƙanwarsa haƙuri, ya sa gawarsa ta isa gida lafiya. Allah ya yafe min sakacina. Allah ya jiƙan mahaifina da iyayenku da suka rigaye mu. Duk wanda yake zaune shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba, Allah ya haɗa shi da mai buga masa ƙofa.

Don Allah ku sa ni a addu'a, yau zuciyata ba daɗi. Kuma in akwai dattijon da saƙonsa yake wayarku ba ku amsa ba, ku ajiye wannan rubutun ku kira shi yanzu.